Ziyarar Gida Ko Gamayyar Al'umma: Ina Ya Kamata Kuɗin Ƙananan Yara Ya Fara Zuwa?

Duk wanda ke riƙe da kuɗin da aka ware wa ƙananan yara, a gidauniya yake ko a hukuma ko a ƙungiya, ya san takardun neman tallafi iri biyu da suka fi yawan zuwa teburinsa. Ta farko tana neman kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su riƙa bi gida-gida, suna zama da mai ciki ko mai jego tun daga goyon ciki har yaro ya shekara biyu ko uku. Ta biyu tana neman kuɗin kafa gamayyar al'umma, a haɗa kan masu ruwa da tsaki, wato asibiti da makaranta da jami'an walwala da shugabannin addini da iyaye, su zauna wuri guda su tsara yadda za a kula da yaran yankinsu. Kowacce in ka karanta sai ka ji kamar ita ce mafita. Kuɗin kuwa ba kasafai yake isar duka biyun ba, don haka sai a raba shi gida biyu, kowa ya karɓi rabi, a tashi babu wanda ya ƙoshi. A ganina wannan rabon ya fi kowane zaɓi muni. Gara a tsaya a duba abin da kowanne yake iya yi da abin da ba ya iyawa, domin ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ziyarar gida ita ce ta fi tarin hujja, kuma hujjar da ta fi burge ni daga Jamaika ta fito. A 1986 da 1987 mai bincike Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki a unguwannin talakawa na birnin Kingston, 'yan wata 9 zuwa 24. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka riƙa ba su ƙarin abinci, wasu aka riƙa kai musu ziyara, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu kuma aka bar su da kulawar asibiti da kowa ke samu. Ziyarar ba wani abin a-zo-a-gani ba ce. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, wadda ba likita ba ce kuma ba nas ba, za ta zo sau ɗaya a mako ta yi kamar awa guda. Tana tafe da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida, irin su robar ruwa da murafen kwalba da ƙyalle, da ɗan littafin hotuna. Ta zauna ƙasa tare da uwa da ɗanta, ta nuna wa uwar yadda za ta sa yaro ya jefa murfi cikin roba ya zazzage, tana faɗa masa "ciki", "waje", tana yaba masa in ya yi daidai. Sai ta miƙa wa uwar ta yi da hannunta, ta bar musu abin wasan har mako mai zuwa. Haka aka yi shekara biyu.

Bayan shekara ashirin aka nemo waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2014 ya nuna waɗanda aka kai wa ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100, har sun kamo waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. Ƙarin abincin kuwa amfaninsa bai ɗore ba. Abin lura a nan shi ne ba yaron ma'aikaciyar ta zo koyarwa ba, uwar ta zo koya wa. Awa ɗaya a mako ba za ta sauya yaro ba. Sauran awannin da yake hannun uwarsa su ne suka yi aikin.

A Amurka labarin ya bi ta wata hanya. Mai bincike David Olds ya fara gwajin tura nas ziyarar gida a garin Elmira na jihar New York a 1977 da mata 400, ya maimaita a Memphis, ya sake a Denver. Daga nan aka samu shirin Nurse-Family Partnership, mai tsauraran sharuɗɗa: nas ce za ta yi ziyarar, mace mai cikin fari kuma mai ƙaramin ƙarfi ake ɗauka, dole ta shiga kafin cikin ya wuce mako 28, kuma ana tare da ita har yaro ya cika shekara biyu. Nas ɗaya ba ta riƙe fiye da iyali 25 ko kusa da haka. Da aka waiwayi iyalan Elmira bayan shekara 15, an tarar rahotannin cin zarafin yara da sakaci da su da aka tabbatar sun ragu da kusan rabi a gidajen da nas ta riƙa zuwa.

Gwajin Denver shi ne ya kamata mai rabon kuɗi ya fi natsuwa a kansa, don a can aka gwada nas da mataimakiyar da ba ta da takardar aikin jinya, kowacce da nata rukunin iyalai. Na nas suka fi samun sauyi. Na mataimakan tasirin ya yi ƙasa ƙwarai, a wurare da dama ma bai fito fili ba. Mutum zai ce to ai wannan ya ci karo da Jamaika, inda ma'aikatan unguwa suka yi abin mamaki. Ni ban ga karo ba. Abin da aka ɗora wa kowacce ne ya bambanta. In abin da ake so shi ne mai ciki ta bar shan taba, a gane hawan jini da wuri, a tsara tazarar haihuwa, to maganar nas ta fi shiga, kuma idonta ya fi gani. In kuwa wasa da hira da yaro ake son koya wa uwa, mace 'yar unguwa da aka horar da kyau, aka ba ta manhajar da ta fayyace abin da za a yi kowane mako, aka kuma sa mai duba aikinta, za ta iya. Saboda haka kafin ku tambayi nawa ne albashin mai ziyara, ku fara tambayar me ake so ta sauya a gidan.

Sai dai kada a ɗauka ziyarar gida duk inda aka kai ta sai ta yi aiki. Ingila ta ɗauki tsarin Olds ta sa masa suna Family Nurse Partnership, ta gwada shi a kan 'yan mata sama da 1,600 masu cikin fari da ba su wuce shekara 19 ba. Sakamakon da mujallar Lancet ta fitar a 2015 ya sanyaya gwiwar mutane da yawa: a manyan abubuwan da aka sa a gaba, wato shan taba lokacin goyon ciki, nauyin jariri, sake ɗaukar ciki cikin shekara biyu, da yawan kai yaro sashen gaggawa, babu wani bambanci, alhali an kashe ƙarin kusan fam 2,000 a kan kowace mace. Dalilin da aka fi kawowa shi ne a Ingila ko ba wannan shirin, kowace mai jego tana da ungozoma da jami'ar lafiya mai zuwa gida kyauta, tsarin da asalinsa ya koma 1862 a Manchester da Salford. Wanda ya riga ya sha ruwa, ƙarin kofi ɗaya ba zai nuna a jikinsa ba. Daga baya an ga yaran sun ɗan fi takwarorinsu shirin shiga makaranta, amma darasin yana nan: ziyara ta fi amfani inda babu kowa da ke leƙa gidan.

Matsala ta biyu ita ce faɗaɗawa. Abin da ya yi kyau a hannun masu bincike da yara ɗari, in ya koma hannun gwamnati da yara dubu ɗari sai ya tsinke. Brazil ta ƙaddamar da Criança Feliz a 2016, ɗaya daga cikin shirye-shiryen ziyarar gida mafi girma a duniya, amma binciken da aka yi a kansa bai ga sauyi a ci gaban yaran ba, kuma an gano ziyarce-ziyarcen ba sa zuwa yadda aka tsara. Amurka ta ware dala biliyan 1.5 na shekara biyar a 2010 don shirin tarayya na ziyarar gida, da sharaɗin aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga tsare-tsaren da aka riga aka gwada. Duk da wannan taka-tsantsan, babban binciken da ya bi iyalai sama da 4,000 a jihohi 12 ya sami amfani, amma ɗan kaɗan. Abubuwan da ke kashe irin wannan aiki sanannu ne: mai ziyara ta gaji ta ajiye aiki, sabuwa ta zo uwa ba ta saba da ita ba; iyali su ƙaura ko su daina buɗe ƙofa; a lafta wa ma'aikaciya gidaje arba'in maimakon ashirin; kuɗin mota ya yanke; mai duba aiki ya koma mai karɓar fom kawai. Kusan duk kuɗin ziyarar gida albashi ne da sufuri da horo, kuma babu wata dabarar rage su da ba za ta taɓa ingancin aikin ba.

Gamayyar al'umma kuwa kyanta na farko araha. A Amurka, tallafin da ake ba gamayya ƙarƙashin dokar yaƙi da shaye-shaye a unguwanni ta 1997 bai wuce dala 125,000 a shekara ba, kuma da shi ake son a tara ɓangarori 12 na gari guda. Wannan kuɗin in ziyarar nas za a yi da shi, iyalai kaɗan zai ɗauka, tunda kowane iyali yana cin dubban daloli a shekara. Masu neman kuɗin gamayya kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiyarsu ne. Tambayar da ba a cika yi musu ba ita ce ina jinkar take.

Wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san yadda yake gudana in babu alƙibla. A zo a makare, a karanta bayanin zaman baya, wakilin asibiti ya ce ai shi an turo shi ne kawai, ba shi da ikon yanke komai sai ya koma ya sanar da shugabansa. A yi awa guda ana gardamar tambarin gamayya da wanda zai yi jawabi ranar gangamin wayar da kai. Iyaye biyu da aka gayyato suna can kujerar baya ba wanda ya tambaye su komai. A tashi da alkawarin kafa ƙaramin kwamiti. Wata shida ana haka, babu jariri ɗaya da rayuwarsa ta sauya, amma rahoton da za a aika wa mai ba da kuɗi cike yake da adadin zama da hotuna.

Wannan ba zargi ba ne kawai. Gidauniyar Robert Wood Johnson ta zuba maƙudan kuɗi a shirin Fighting Back, inda aka kafa gamayya a garuruwa sama da goma don rage shaye-shaye, aka bar kowane gari ya tsara abin da ya ga dama. Da aka auna, ba a ga raguwar da ake fata ba. A ɗaya gefen kuma akwai Communities That Care, wanda David Hawkins da Richard Catalano na Jami'ar Washington suka tsara. An gwada shi a garuruwa 24 cikin jihohi 7, rabi da shirin rabi babu, aka bi yara sama da 4,000, aka tarar na garuruwan da ke da shirin sun fi jinkirin fara shan giya da taba da shiga aikata laifi. Bambancinsa da na farko a bayyane yake: akwai kodineta mai albashi wanda aikinsa ke nan, ana fara tattara bayanai don a san ainihin matsalar garin, sannan ba a yarda gamayya ta ƙirƙiro abin da ta ga dama ba, dole ta zaɓa daga cikin shirye-shiryen da aka riga aka gwada, kuma a bi diddigin yadda ake aiwatar da su. Wato gamayyar da ta yi nasara ita ce wadda ta zama hanyar kawo ingantaccen shiri da tsare shi. A kuma lura, wannan hujjar a kan yara masu tasowa take, ba jarirai ba. A fannin 'yan ƙasa da shekara uku, hujjar gamayya ita kaɗai ba ta kama ƙafar ta ziyarar gida ba.

Sure Start na Birtaniya, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1990, ya nuna wani abu game da haƙuri. An ba unguwanni kuɗi da 'yancin tsara hidimomin ƙananan yara tare da iyaye. Binciken farko a 2005 bai yi daɗi ba, har an ga alamar iyalan da suka fi kowa rauni ba su amfana ba. Sai bayan shekaru da yawa cibiyar nazarin kasafi ta IFS ta nuna yaran da suka tashi kusa da cibiyoyin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti, sun kuma fi cin jarrabawa. Mai ba da tallafin shekara biyu ba zai ga irin wannan sakamako da idonsa ba, kuma ya kamata ya san haka tun kafin ya sa hannu.

To in haka ne, me zai hana a manta da gamayya a zuba komai a ziyara? Abin da zai hana shi ne abin da mai ziyara ke tararwa in ta shiga gida. Ta zo koya wa uwa wasa da yaro, sai ta ga uwar ba ta barci, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili tun da ta haihu. Ko ta ga tabo a fuskarta. Ko ta lura yaro ɗan wata goma ba ya waiwayowa in an kira shi. Ba aikinta ba ne ta yi maganin ko ɗaya daga ciki, aikinta ta tura su inda za a yi. In babu inda za ta tura, ko akwai amma ba ta san kowa a can ba, ko ta tura aka ce a dawo bayan wata huɗu, to ta buɗe ciwon da ba za ta iya rufewa ba, kuma uwar ba za ta ƙara gaya mata komai ba. A nan ne gamayya take da aikin da babu mai yi sai ita: ta sa asibiti ya riƙa sanar da masu ziyara an yi haihuwa, ta sa a san wa za a kira in an ga matsala, ta hana ƙungiyoyi uku yin rububin gida ɗaya alhali layin baya babu mai zuwa, ta kuma tsaya wa shirin a gaban masu kasafi ranar da tallafin waje ya ƙare.

Shirin da ya fi nuna yadda biyun ke haɗuwa shi ne Family Connects, wanda aka fara a Durham ta jihar North Carolina ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dodge na Jami'ar Duke. Ba ya zaɓar talaka ko mai kuɗi, duk jaririn da aka haifa a garin ana tayin zuwa gidansu. Nas tana zuwa wajen mako uku da haihuwa, sau ɗaya zuwa uku kacal, ta duba uwa da jariri, ta gano abin da gidan ke buƙata, ta haɗa su da inda za su samu. A bayanta akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne sanin duk wata hidima da ke garin da kuma matsa wa hukumomi su cike giɓin da aka gano. A gwajin da aka yi kan jariran da aka haifa daga tsakiyar 2009 zuwa ƙarshen 2010, zuwa asibiti na gaggawa a shekarar farko ya ragu da kusan rabi, a kan 'yan ɗaruruwan daloli ga kowane iyali. Amma fa wannan tsari na garin da ke da hidimomi ne, mutane ne kawai ba sa isa gare su. Inda babu komai, nas za ta zo ta rubuta matsala ta tafi.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika sa ta a lissafi ba: tara iyaye mata rukuni-rukuni maimakon bin su ɗaya-ɗaya. A jihar Odisha ta Indiya an gwada manhaja irin ta Jamaika ta hanyoyin biyu, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna amfanin ga yaran kusan ɗaya ne, alhali zaman rukuni ya ci dala 38 ga kowane yaro a shekara, ziyarar gida kuma dala 135. Rauninsa shi ne wadda ta fi buƙata ita ce ta fi ƙin fitowa, ko don nisa, ko don kunya, ko don an hana ta. Mai ƙaramin kuɗi zai iya yin rukuni ga kowa, ya keɓe ziyara ga gidajen da ba sa zuwa.

Da ni ke riƙe da kuɗin, ga yadda zan yanke. In yankin babu mai leƙa gidan mai jego, kuma asibiti da sauran hidimomi sun yi ƙaranci, ziyara zan fara, da manhajar da aka gwada, da mai duba aiki na gaske wanda ke bin ma'aikata cikin gidaje lokaci-lokaci, ko da hakan na nufin iyali sittin zan ɗauka ba ɗari uku ba. Gamayyar da zan yarda da ita a wannan mataki ƙarama ce: mutum biyar ko shida waɗanda mai ziyara za ta buga wa waya su ɗauka. In kuwa yankin cike yake da shirye-shirye, kowa na nasa ba ya sanin na wani, to ƙara sabon shirin ziyara ɓarnar kuɗi ne. Albashin kodineta ɗaya nagari da tsarin tura iyalai guda ɗaya zai fi amfani. Kuma duk gamayyar da ta zo neman kuɗi zan tambaye ta abu uku: wa ke aikin nan cikakken lokaci, wane adadi kuke son ya sauya a rayuwar yara nan da shekara uku, kuma waɗanda ke zuwa zamanku suna da ikon taɓa kasafin ma'aikatunsu? In amsar ta koma kan gangami da taron bita, zan mayar musu da takardarsu.

Masu neman kuɗin ziyara su ma ba zan sake musu ba. Zan so in ga iyalai nawa suka kai ƙarshen shirin cikin waɗanda suka fara, ba nawa aka yi wa rajista ba, da kuma ma'aikata nawa suka bar aiki bara. Sai batun tsawon tallafi, wanda a nan ziyara ta fi gamayya haɗari. Gamayya in kuɗi ya yanke, zama ne zai tsaya, ana iya farfaɗo da shi baɗi. Ziyarar da aka fara da mai cikin wata shida kuwa alkawarin sama da shekara biyu ne aka ɗauka mata. Wanda kuɗinsa na wata goma sha biyu ne kuma ba shi da tabbacin sabuntawa, kada ya fara irin wannan. Ya ɗauki gajeren tsari irin na Durham, ko ya ƙara wa shirin da ke tafiya ƙarfi ta hanyar biyan kuɗin horo da sufuri da mai duba aiki, waɗanda su ne aka fi saurin yankewa in kasafi ya matse.